Inda Kawu Yake Zama da Karensa

Ranar da Kawu ya rasu, gidan nan na bayan layin dogo ya cika har wasu suka hau katangar maƙwabta. Matan zumuntar majami'a sun zo da ganga da tulu, suka jeru a ƙarƙashin mangwaro suna waƙa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe, 'yan kaɗan da suka rage, sun zo dogare da sanduna, kowa ya sa tsohon kwat ɗinsa duk da zafin da ake yi. Innata, ƙanwarsa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata sannu da haƙuri, sai ta ce, "Ya riga ni. Tun muna yara komai shi yake riga ni." Can wajen rijiya kuma akwai wasu maza da ba su shiga cikin masu waƙa ba, ba su kuma tafi ba. Abokan zamansa ne na gidan burukutu, kuma ba wanda ya miƙa musu kujera.

Akwai mai makoki ɗaya da ya fi mu duka naci, shi ne Sigina, karen Kawu. Tun da aka fitar da gawar ya kwanta a ƙofar ɗakin, ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofa. An ajiye masa tuwo bai kalla ba. An jefa masa ƙashi, kaji suka zo suka tsattsage naman da ke jiki a gabansa, ko kunne bai ɗaga ba. Ruwa kawai yake lasa.

Bayan biso aka yi zaman iyali. Ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya zo daga Fatakwal inda yake aiki. Aka yi maganar gida, aka yi maganar gona, sai aka zo kan kare. Yaya ya ce matarsa ba za ta yarda a kai mata shi ba, Inna kuma ba ta da ƙarfin kula da dabba. Ya ce masu sayen karnuka suna wucewa ranar kasuwa da kejinsu a bayan babur, a ba su kawai. Kowa a ɗakin ya san inda masu kejin nan suke kai kaya, tukunya ce.

Na ce, "Yaya, ba za a yi haka ba."

Ya ce, "Ke da ba kya son kare ko a hoto?"

Na ce, "Ban ce ina so ba. Na ce ba za a yi ba."

Ya ce, "To, ga shi nan. In ya ci abinci kafin in koma, naki ne. In ya ƙi, gara a ba masu saye da ya mutu a ƙofar Baba muna kallo."

Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma zuciyarsa a dame take. Amma na san Kawu, shi ya riƙe ni tun da ubana ya mutu, kuma na san abin da karen nan yake a wurinsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don jikokinsa da suka tashi a birni su san wane ne kakansu, kada su tsaya ga hoton nan na jikin riga da aka buga don jana'iza, wanda ya fito a ciki kamar alƙali.

Kawu ya yi aikin reluwe tun yana saurayi, shi ne mai juya wa jirgi layi a tashar Kafanchan. Aikin ya bar masa hali: ba ya gaggawa, ba ya makara, kuma in ya ce hanya a rufe take, ko wane ne kai sai ka tsaya. Duk karen da ya taɓa riƙewa Sigina yake sa masa suna, wato alamar nan da take tsayar da jirgi. Wannan na ƙarshen a cikin kejin masu saye ya gan shi, ɗan kwikwiyo duk ƙuma, an danne shi a ƙarƙashin manya. Kawu ya tare mai babur ɗin a tsakiyar titi da sandarsa. Ba shi da komai a aljihu, sai ya cire rediyon da yake rataye da shi a kafaɗa ya miƙa. Ya dawo gida da kwikwiyo a cikin hula. Da muka yi masa ca a kan rediyon, ya ce labaran duniya ba su ƙara masa komai ba, wannan kuwa zai gaya masa in ɓarawo ya zo.

Yana shan burukutu, ba zan ɓoye ba, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Kullum da la'asar zai ɗauki jakarsa mai ƙwaryarsa a ciki, ya kama igiyar kare, su tsallaka layin dogo zuwa gidan wata gwauruwa da kowa yake kira Mama. Kuma yana da ƙa'ida biyu da duk garin nan aka sani.

Ta farko, ba ya zama a gidan da ake dafa kare. A nan wajenmu gidajen burukutu da yawa suna haɗawa da naman kare, a dafa da yaji, masu sha su saya. Kawu bai taɓa zagin mai ci ba, yakan ce kowa da bakinsa. Amma shi ba zai ɗaga ƙwarya ba alhali ɗan'uwan abokinsa yana tafasa a bayan zana. Ba ya ma tambaya. In ya je sabon wuri sai ya sassauta igiya ya bar Sigina ya shiga gaba. In karen ya toge a ƙofa ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, Kawu zai ce wa masu gida sannunku da aiki, ya juya. Mama ba ta taɓa dafawa ba, shi ya sa ya zama ɗan gida a wurinta.

Ta biyu, burukutun ya zama na gaskiya: jar dawa, a jiƙa ta, ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya tashi da kansa. Al'ada ce mai sayarwa ta ɗebo ɗanɗano a 'yar ƙwarya ta miƙa wa wanda ya shigo kafin ya saya. Wasu suna kwankwaɗewa ne kawai tun da kyauta ne. Kawu kuwa sai ya kai ƙwaryar kusa da kunnensa. Yakan ce na gaskiya yana da rai, yana 'yar magana ƙasa-ƙasa. In an zuba masa sukari ko ogogoro, giyar nan mai zafi, don ya yi saurin bugarwa, sai ya mayar wa mai shi ya ce, "'Yata, wannan ya mutu, ki binne shi."

A kan wannan shan muka yi babban faɗanmu. Lokacin an zaɓe ni shugabar zumuntar mata, kuma na ji wasu suna ƙus-ƙus cewa mai hana mazan mutane sha ta kasa hana na gidansu. Na zo masa a fusace, ko zama ban yi ba. Na ce, "Kawu, kana zubar mini da mutunci. Dattijo kamarka, kullum a gan ka da kare za ka gidan giya?"

Mai Bishara yake kirana in yana so ya tsokane ni. Ya ce, "Mai Bishara, kin taɓa jin an tsamo ni daga kwata?"

Na ce ban taɓa ji ba.

Ya ce, "To zauna. Tun da uwar gidan nan ta mutu, wa yake yi mini gardama? A majami'a kowa sannu Baba, sannu Baba, a wuce. A can kuwa in na ce fari, wani zai ce ƙarya nake yi. Mutum yana bukatar wanda zai ce masa ƙarya yake yi."

Ban zauna ba. Na daɗe ban taka gidan ba, sai da Inna ta sa baki. Har yau kuma ban ce na yi kuskure ba, don na ga gidajen da burukutu ya rushe, na riƙe matan da aka fasa wa baki saboda shi. Na dai lura cewa Kawu ƙwarya ɗaya yake sha, kuma yakan ɗauki yammaci guda kafin ya ga ƙasanta.

Da yanar ido ta rufe masa gani, Sigina ne ya zama jagoransa. Yaya ya nace sai an kai Kawu Fatakwal an yi masa aikin ido. Kawu ya ce in ba da kare ba, ƙafarsa ba za ta shiga mota ba. Haka muka tafi, ni ce mai jinya, kare a bayan mota yana ta amai, ni ina ta mita har muka ga gadoji da ruwa.

Gidan Yaya bene ne a cikin unguwa mai ƙofar ƙarfe. Matarsa ta sa aka ɗaure karen a baya kusa da janareta. Likita ya ce sai jinin Kawu ya sauka kafin a taɓa ido, kuma ɗaya za a fara yi, a jira, sannan ɗayan. Kawu ya zauna a kujera mai laushi yana sauraron fanka. Ya fara rage abinci, ya daina tsokana ta, sai wata safiya ya ce in haɗa masa kaya. Ya ce gara ya makance a inda ya san hanya.

Yaya ya gane abin da ke damunsa, ya ce zai gyara. Ya ɗauke mu zuwa wani wurin shaƙatawa a bakin ruwa, mai fitilu da kujerun gora, ana hango jiragen ruwa. Mai gadi ya leƙo ya ga kare, ya ce da Turanci ba a shiga da dabba. Kawu ya ƙi fita daga mota. Yaya ya shiga ya kawo masa kwalba mai sanyi. Ya kurɓa sau ɗaya ya miƙa masa, ya ce, "Na gode, ɗana. Ruwan sanyi ne mai ɗaci."

Sai na ce a raina, ni dai ba zan mayar da tsohon nan gida makaho ba saboda ƙwarya ɗaya. Washegari, da Yaya ya tafi aiki, na yafa mayafi na kama hannun Kawu, shi kuma ya kama igiya. Ni, shugabar zumunta, na shiga garin mutane ina tambayar inda ake sayar da burukutu. Masu keke Napep da yawa suna ganin kare suke ƙara wuta. Wanda ya yarda ya ɗauke mu ya kai mu wata rumfa kusa da kasuwar kifi, inda ake shan bammi da wasu abubuwa.

A bakin rumfar Sigina ya toge. Kawu ya ji igiyar ta yi tauri, ya ce mu juya. Ni kuwa na gaji, ƙafata ta kumbura, ga masu wurin suna ta yi mana maraba da fara'a, har suna cewa mu shigo da karen, ba komai. Na karɓi igiyar na ja shi ciki. Ko zama ba mu gama yi ba wani ƙato ya fito daga baya da wuƙa a ƙugu, ya tsuguna, ya mammatsa cinyar karen, ya ɗago ya tambaye ni da Turancin kasuwa nawa zan sayar. Kawu bai ga komai ba, amma ya ji. Ya miƙe ya ɗaga sandarsa sama, muryarsa ta dawo irin ta tasha: "Cire hannunka." Mutumin bai jin Hausa, amma ya cire. A cikin keke Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Gobe ki bar shi ya yi aikinsa."

Wuri na biyu karen ya shiga lafiya, aka kawo ɗanɗano a kofin roba. Kawu ya kai kunne, ya daɗe yana saurare, ya girgiza kai. Ko ni da ban sani ba na ji warin ogogoro daga inda nake.

Da yamma na buga wa amininsa waya, wani tsoho ɗan Ibo da suka yi reluwe tare, wanda aka haifa a Kafanchan kuma ya fi ni Hausa. Ya taɓa aiki a Fatakwal. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "'Yata, kuna nema a inda ba a ajiye ba. Ku je kasuwar bayan barikin soja. Duk inda aka kai yaranmu aikin soja, akwai wata mace da ta bi su da tukunya."

Haka kuwa aka yi. Can ƙarshen kasuwar, bayan masu gasa kifi, muka ga dawa da ta tsira an shanya a kan buhu. Sigina ya ja Kawu kai tsaye, ya shige ƙarƙashin benci kamar gidansu. Matar wurin ta ɗebo ɗanɗano a ƙwarya ta gaske. Kawu ya kai kunne. Na ga fuskarsa ta saki a hankali. Ya ce, "Daga ina kike, 'yata?" Ta ce daga wajen Manchok. Sai suka juya yare, aka shiga ɗan wane ne, jikan wane ne. Kafin a jima wani tsohon soja ya ce jirgin ƙasa bai taɓa zuwa a kan lokaci ba a ƙasar nan, Kawu ya ce ƙarya yake yi, aka kaure. Ranar ya cinye kwanon gwaten acca ya nemi ƙari.

Bai ƙara maganar haɗa kaya ba. Kullum da la'asar muna can, ni a gefe da mayafina, hankalina kwance tun da a Fatakwal ba wanda ya san ni. Jininsa ya sauka, aka yi ido na farko, aka yi na biyu. Ranar da aka cire masa bandeji muka dawo gida, bai kalli benen ɗansa ba, bai kalle ni ba. Ya zagaya baya wurin janareta, ya tsuguna, ya riƙe fuskar karen da hannu biyu ya ce, "Ashe ka yi furfura, ba wanda ya gaya mini."

Ya yi shekaru bayan haka yana gani da idonsa, yana tsallaka layin dogo da ƙafarsa. Ciwon ƙarshe bai wahalar da shi ba. Ya kwanta 'yan kwanaki, ya sa aka kira Fasto ya yi masa addu'a, ya ce amin da ƙarfi, da safe ya tafi. Ubangiji ya ba shi hutawa. Ina kewarsa ƙwarai, har da tsokanar.

To, ga ni da kare da ya ƙi ci. Na gwada tuwo da miyar kuka, na gwada kan kifi, na jiƙa burodi a madara, ni da ban taɓa yi wa dabba hidima ba. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa. Yaya ya fara ɗaure kayansa, ranar kasuwa kuma ta matso.

Ran Lahadi muka yi sujadar godiya a majami'a, muka dawo da la'asar, ina sanye da kayan zumunta daga ɗankwali har zane. Ina shiga gida na ga Sigina ya tashi daga ƙofar ɗakin. Ya taka da ƙyar zuwa bakin ƙofar gida, ya tsaya, ya waiwayo yana kallona. Na duba rana, na gane lokacin ne. Na san kuma inda yake so a kai shi.

Nan ba Fatakwal ba ne. A nan ko tari na yi a kasuwa sai an ji a majami'a. Na yi tunanin in shiga in canja kaya, sai na ga ƙafafunsa na baya suna rawa, na ce in ya sake kwanciya ba lalle ya tashi ba. Na ɗauki igiyar.

Muka bi ta gaban majami'a, mata ba su gama watsewa ba. Wata ta ce, "Mama shugaba, ina zuwa haka?" Na ce, "Gidan burukutu." Ban rage murya ba, ban kuma tsaya ba. Muka tsallaka layin dogo, shi a gaba ni a baya.

Da na shiga, surutun ya ɗauke. Mazan nan da aka hana kujera a gidan makoki suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Mama ta fito tana goge hannu, ta kalli kayana, ta kalli karen. Hannunta ya kai ga 'yar ƙwaryar ɗanɗano don sabo, sai ta ajiye. Na ce, "Mama, ba sha na zo yi ba. Ya ƙi cin abinci." Ta matsa gefe. Sigina ya wuce ƙarƙashin wani benci da ke jikin bango, mazaunin Kawu, wanda ba kowa a kai duk da wurin ya cika. Mama ta kawo ƙanzon tuwo a wani tsohon kwano ta tura masa. Ya sansana, ya ɗago ya kalli bencin. Wani tsoho ya ce, "Sai an zauna yake ci." Na zauna. Karen ya sa baki a kwanon.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da ban yi kuka a bakin kabari ba. Tsohon nan ya kawar da kai, ya ce wa na kusa da shi ruwan bana zai yi gardama, wancan ya ce ƙarya yake yi, surutu ya dawo.

Yaya ya koma Fatakwal, masu keji suka wuce ranar kasuwa ba su tsaya ba. Karen yana gidana yanzu, amma har yau ba ya ci sai a can, sai kuma ina zaune. Mama takan dama mini kunun zaƙi, ta ajiye mini kofina daban.

Fasto ya zo gidana da kansa, mutum ne mai kirki. Ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta juya hularsa, sannan ya ce, "Mama, ana magana."

Na ce, "Na sani, Fasto. Ni ma da na yi."

Ya ce, "Dattawa suna tambaya, har yaushe?"

Na ce, "Karen ya tsufa. Ba zai daɗe ba."

Na faɗa ne don in kwantar masa da hankali, amma da maganar ta fita sai na ji ba na so ta zama gaskiya, ko kaɗan ba na so. Fasto ya yi addu'a ya tafi. Da la'asar ta yi Sigina ya tsaya a bakin ƙofa, na ɗauki mayafina.